Ranar da Saniya Ta Hana Ni Kallon Rawar Sufaye

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sarwis ɗin kiwo na Diffa, sunana ya fito cikin waɗanda za a tura sitaj, wato ƙarin horon aiki, na wata uku a ƙasar Indiya. Aikina a wancan lokaci bai wuce allurar rigakafi ba, da bin makiyaya daga bakin Komadugu har wajejen Fulatari, da karɓar haihuwa idan saniya ko raƙuma ta kasa. Ban taɓa wuce Yamai ba. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa a rayuwata wani tudun rairayi ne a hanyar Maine, shi ma raƙumi ne ya kai ni. Ingilishina kuwa na bakin kogi ne, wanda na tsinta a bakin ƴan'uwanmu na tsallaken Najeriya da suka gudo suka zauna da mu a unguwa. Da wannan ɗan guzuri na hau jirgi.

A makarantar da aka sauke mu, aka haɗa ni ɗaki da wani mutum gajere mai faɗin ƙirji, kumatunsa jajir kamar an kara su a wuta. Da na gan shi na ɗauka mutumin Sin ne. Ya yi dariya ya ce ɗan Indiya ne, amma daga can sama, cikin duwatsun Himalaya, kusa da iyakar Tibet. Shi ma likitan dabbobin ƙauye ne irina. Zafin garin da ni nake jin kamar hantsin gida, shi kashe shi yake yi. Na koya masa ya jiƙa zane ya rataye a taga, shi kuma ya riƙa zama da ni bayan darasi yana maimaita mini abin da malamai suka faɗa, a hankali, kalma-kalma. Haka muka zama abokai.

Addinin Buda yake bi. Da safe yakan zauna a kan gadonsa da carbinsa na katako yana motsa baki. Ni kuma in shimfiɗa dardumata a tsakanin gadajen. Ba mu taɓa zama mun tsara ba, amma bayan mako guda kowa ya san lokacin ɗan'uwansa. Har akwai ranakun da barci ya danne ni, shi ne ya taɓa ƙafata ya nuna mini agogo don kar asuba ta wuce ni.

Da muka kai tsakiyar karatu aka ba mu hutun kwana goma. Ƴan ajinmu kowa ya kama shirin zuwa manyan birane da bakin teku. Abokina ya ce in zo mu tafi garinsu. Ya ce akwai babban gidan ibada a saman ƙauyensu, inda maza ke tarewa su bar aure da sana'a, su sa jan mayafi. Ni dai sufaye nake ce musu, don ban sami wata kalma da ta fi ta ba. Sau ɗaya a shekara suke biki, su sa fuskokin katako su yi rawa a fili, mutanen kwarin duka su taru. Ƙaninsa tun yana ƙarami aka kai shi can, kuma a wannan shekarar ne za a fara sa shi cikin masu rawar. Ya ce mahaifiyarsu ta daɗe tana jiran ranar.

Na ce masa zan yi tunani. Gaskiyar magana, zuciyata ba ta kwanta ba. Musulmi ɗan Musulmi, in niƙi gari in tafi kallon bikin wani addini? Da yamma na kira mahaifiyata. Ita ƴar makiyaya ce, aure ne ya kawo ta cikin gari, kuma ba ta son doguwar magana a waya. Na zayyana mata komai. Ta tambaye ni ko abokin nawa yana da uwa, na ce yana da. Ta tambaya ko suna da dabbobi, na ce suna da.

"To ai mutane ne," in ji ta. "Ka je ka gaishe da uwarsa. Ka riƙe sallarka. Kar ka ci abin da ba ka sani ba, kar kuma ka raina abin da aka ba ka."

Na ce Inna, waɗannan biyun na ƙarshe haɗa su zai yi wuya. Ta ce wannan kuma ni ya shafa, ta kashe waya.

Kwana biyu muka yi a hanya, farko a kar, babbar motar fasinja, daga baya a wata ƙaramar mota mai ƙarfi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, faɗinta mota ɗaya da rabi. Ta wannan gefe dutse ya tokare sama, ta wancan gefe babu komai sai rami, can ƙasa ana hango kogi siriri kamar zaren da aka yar. Ni ne a bakin taga ta gefen ramin. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Direban kuwa hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana ɓare gyaɗa.

Da muka kai ƙololuwar hanya, inda suke ɗaure ƙyallaye masu launi biyar a igiya iska tana kaɗa su, direba ya tsaya. Na fito don in taɓa ƙanƙara da hannuna karo na farko. Taku goma na yi, ƙirjina ya kama bugu, kaina ya sara, abin da na ci da safe ya dawo. Ni da nake yi wa abokina alfahari da cewa ina wuni a ƙafa bayan garke cikin rana, sai ga shi ya riƙe ni kamar tsoho ya maida ni mota. Ya ce iskar wurin ba ta da kauri, haka take yi wa kowane baƙo, kuma maganinta kawai shan ruwa da rage gaggawa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙauyensu shi ne yadda ya yi kama da gida. Na zaci zan ga daji da kore. Sai na tarar da ƙasa busasshiya, duwatsu tsirara babu ko ciyawa, sai inda ruwa ya bi ne kawai ake ganin gonakin sha'ir kore shar, kamar dai yadda gonakin tattasai ke bin bakin Komadugu a bar sauran ƙasa fari fat. Gidajen na laka ne masu soro. A kan kowane soro an jera ciyawar dabbobi da busasshen kashin shanu na hura wuta. Har ƙananan hanyoyin ruwa da suke buɗewa da toshewa da ƙafa, irin namu ne na lambu.

Mahaifiyar abokina ta tarye mu a ƙofar gida. Tsohuwa ce ƴar ƙarama, kitsonta biyu dogaye sun yi furfura, hannunta kuwa kaushi kamar na mahaifiyata. Ba ta jin Ingilishi ko kalma ɗaya. Abokina yana ce mata Ama, ni ma na bi. Kalma ɗaya na koya a yarensu, jule, wadda ke nufin sannu, da na gode, da sai an jima, kusan yadda muke jan wushe, gaisuwar Barebari, a wajenmu. Da ita na rayu kwana shida.

Ta ba ni shayinsu, wanda ake kaɗawa da man shanu da gishiri. Kurɓar farko na tuna da maganar mahaifiyata, na haɗiye. Da na shanye don in huta, ta sake cika kofin. Sai a kofi na huɗu abokina ya ji tausayina ya gaya mini cewa a wajensu in ka shanye, ƙari kake nema. Ni kuma na ciro garin tattasan da na taho da shi daga gida na ba ta. Ta shinshina, ta lasa, ta gyaɗa kai, daga ranar kuma ba a sake yin miya a gidan ba tare da shi ba.

Daga baya ne na fahimci irin shirin da ta yi kafin mu zo. A al'adarsu babban baƙo a ɗakin ibadar gida ake sauke shi, don shi ne ɗaki mafi kyau. Da ɗanta ya gaya mata ni Musulmi ne, sai ta kwashe buhunan hatsi daga wani ɗaki da ke saman na dabbobi, ta share, ta sa aka tambayo wani ɗan kasuwa Musulmi a garin da ke ƙasa ina muke fuskanta in za mu yi salla. Ta ɗora wani farin dutse a jikin bangon don in gane. A duk kwanakin da na yi ba a dafa nama a gidan ba, don kar in shiga shakkar yanka. Kullum da asuba in na buɗe ƙofa sai in tarar da buta da ruwan ɗumi.

Kwana biyu na yi a kwance kamar mai jego. A na uku na fara fita. Abokina ya zaga da ni ƙauyen, ya nuna mini dogayen katangu na duwatsu da aka sassaƙa wa rubutun addu'a, da wasu fararen gine-gine masu kama da rumbu amma ba ƙofa, da wata ƙatuwar ganga ta tagulla da ruwan rafi ke juyawa dare da rana, an cika ta da rubutattun addu'o'i. Duk waɗannan ta hagu ake bin su, a bar su a hannun dama. Ni ban sani ba na bi ta ɗaya gefen, wasu tsofaffin mata uku suka kamo rigata suka juyo da ni suna dariya, kamar an kamo ɗan akuya ya shiga gonar mutane.

Ana gobe biki abokina ya hau gidan ibadar da buhun gari da man shanu, don gidansu na cikin masu ciyar da baƙi a shekarar. Ya ce a can zai kwana. Ni da Ama mu biyo motar maƙwabcinsu da safe, tafiyar awa biyu ce a hanyar dutse. Ya gargaɗe ni cewa babu rezon waya a can, in ban gan shi ba in tsaya kusa da mahaifiyarsa kawai.

Da safe ƙauye ya cika da kwalliya. Mata sun sa dogayen riguna da duwatsun wuya shuɗaye, maza da huluna. Mota ta zo ta tsaya, mutane suka shiga, ni ma na sa tirkona biyu na sanyi na fito. Ama ba ta fito ba. Direba ya danna oda sau biyu. Na koma na duba ɗakin girki, ba ta nan. Sai na ji nishi daga ɗakin dabbobi na ƙasa, irin nishin da kunnena ya sani tun ina yaro.

Na tarar da ita durƙushe cikin kayan bikinta, kusa da saniyarta. Irin shanunsu ne, ruwa biyu tsakanin saniya da yak, wannan san dutse mai gashi har ƙasa. Ita kaɗai ce saniyar da ake tatsa a gidan. Abokina ya taɓa gaya mini cewa in ƙanƙara ta rufe hanya wata biyar, da nononta da manta tsohuwar ke fita hunturu. Ana sa ran haihuwarta sai nan da mako biyu, ga shi ta zo yau. Ƙafafun gaba biyu sun leƙo, amma babu hanci a kansu, kuma fatarsu ta fara bushewa. Duk wanda ya yi aikinmu ya san ma'anar wannan: kan maraƙin ya lanƙwashe baya. In aka bar ta haka, daga ita har abin cikinta ba mai kai la'asar. In kuma aka ja da ƙarfi, an yaga ta.

Ama ta ɗago ta gan ni. Ta nuna mini ƙofa da hannu, ta nuna sama wajen dutse, alamar in tafi kar mota ta bar ni. Ita ta riga ta haƙura da nata zuwan.

Na ɗan tsaya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji komai ba. Kwana biyu na yi a bakin rami don wannan rana. Amma kuma na san ba zan iya zama ina kallon rawa ba alhali na bar wannan a baya. Na fita na yagi takarda na rubuta wa abokina abin da ake ciki da Ingilishina na bakin kogi, na ba direba, na yi masa alamar su tafi. Na so in tura Ama cikin motar, na nuna mata ƙirjina, na nuna saniya, wato ni zan kula. Ta girgiza kai. Ta tuɓe duwatsun wuyanta ta rataye a ƙusa, ta naɗe hannun riga.

Babu safar hannu, babu allura, babu komai na aiki. Da kwatance na nemi ruwan zafi da sabulu da mai da igiya. Ta kawo man girki da igiyar da aka tufka da gashin yak. Duk ƙauyen mutum ɗaya ya rage, wani tsoho maƙwabci mai ciwon ƙafa da ba ya iya hawa mota. Ta ƙwala masa kira ta kan katanga, ya zo yana dogara sanda. Mu uku muka tayar da saniyar, muka juya ta yadda gindinta zai fi gabanta tudu. Tsohon ya riƙe ƙaho, Ama ta riƙe wutsiya.

Na tuɓe tirko, na wanke hannu har kafaɗa, na shafa mai, na yi bisimilla na shiga. Aikin a faɗe ba wuya: ka tura maraƙin baya ya sami fili, ka laluba ka kamo muƙamuƙinsa, ka rufe haƙoransa da tafinka don kar su yanki uwar, ka juyo da kan ya hau kan ƙafafu. Na yi shi a rugage ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Amma ban taɓa yin sa a inda numfashi ke ƙarewa ba. Duk sanda na tura, sai naƙuda ta taso ta matse hannuna kamar zai karye, in jira ta lafa, in sake. Bayan kowane yunƙuri sai na jingina goshina da cinyar saniyar ina haki, ina ganin baƙaƙen ɗigo a idona. Yatsuna suna taɓa kunnen maraƙin, amma muƙamuƙin ya yi nisa.

A karo na huɗu ko na biyar na zare hannu na zauna a ƙasa. A raina na ce shi ke nan, na hana tsohuwa ganin ɗanta, na kuma kasa ceton saniyarta. Ama ta miƙe. Ta fita ta dawo da kofin shayin nan mai gishiri, ta kafa mini a baki da hannunta, don nawa hannuwan ba su taɓuwa. Ban taɓa shan abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Ta goge mini fuska da gefen rigar bikinta, ta koma ta kama wutsiya.

Na yi zarge da igiyar, na shiga da shi a yatsa. Ina ta salati a hankali, ita kuma tana ta nata karatun ƙasa-ƙasa, tsohon yana yi wa saniyar magana a kunne. Wannan karon da naƙuda ta lafa na tura da dukan ƙarfina, yatsana ya faɗa bakin maraƙin. Sai na ji ya tsotsa. Yana da rai. Na sa zargen a muƙamuƙin ƙasa, na miƙa wa Ama bakin igiyar, na nuna mata ta ja kaɗan-kaɗan, ni kuma na tallafe hancin da tafina. A hankali kan ya juyo ya kwanta a kan ƙafafun.

Sauran aikin ja ne. Muka ɗaure ƙafafun, tsohon ya yar da sandarsa ya zauna a ƙasa ya tokare da ƙafarsa mai lafiya. In naƙuda ta zo mu ja, in ta tafi mu tsaya. Can sai ga shi ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗo a kan ciyawa, baƙi wuluk, mace. Ba ta motsi. Na share mata baki da hanci, na goge ƙirjinta da ciyawa da ƙarfi, na ɗauki tsinke na sa mata a hanci. Shiru. Na sake. Sai ta yi atishawa, ta girgiza kunne.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, don ni ma a nan na kwanta. Da na farfaɗo na ga an lulluɓe ni da bargo a cikin ɗakin dabbobi, saniya tana lasar ƴarta, tsohon yana kallona yana dariya da bakinsa mara haƙora. Muka jira maraƙar ta tashi ta sha dakashi, mabiyiya ta faɗo lafiya. Sannan na yi wanka da ruwan da Ama ta ɗora, na yi azahar a makare.

Abokina bai sami takardata ba sai da rawa ta yi nisa, don direban ya neme shi cikin taro ya rasa. Wajen la'asar ya faɗo gidan a guje. Ya duba saniya, ya duba maraƙa, ya sa hannu ya tabbatar ba a yaga komai ba. Sannan ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce ya kawo ni hutu ya sa ni aiki. Na tambaye shi rawar ƙaninsa. Ya ce ta yi kyau, amma yaron yana ta juya kai cikin fuskar katakon yana neman uwarsa a wurin da mata ke zama. Da ya maimaita wa Ama da yarensu, sai ta tashi ta shiga ɗakin girki.

Washegari tsohon ya karɓi tsaron saniya, mu uku muka hau. Gidan ibadar a manne yake a jikin dutse, fari da ja, ɗaki a kan ɗaki kamar an jera akwatuna. Biki ya watse. Sufaye suna shara, wasu suna naɗe manyan tutoci, wasu suna goge fuskokin katakon suna maida su cikin akwati: masu ido uku, masu ƙaho, masu haƙora waje. Ƙanin abokina ya fito, saurayi dogo da askakken kai. Ya sunkuya uwarsa ta dafa kansa.

Shi ya zaga da ni. Na tuɓe takalmi na shiga babban ɗakin, mai duhu da ƙamshin man shanu, don da shi suke kunna ɗaruruwan ƙananan fitilu. A ƙuryar akwai mutum-mutumin Buda zaune, tsawonsa ya kai bene biyu, an shafe shi da ruwan zinariya. Bango duk zane ne da ya yi shekaru aru-aru. Littattafansu dogaye ne, ba a ɗinke ba, an naɗe kowanne a ƙyalle an jera a ramukan bango, abin da ya tuna mini da yadda malamanmu ke adana warƙoƙi a gafaka. Su suka yi sujadarsu, ni na tsaya a gefe hannuna a baya. Ba wanda ya kalle ni, ba wanda ya ce in yi wani abu.

Malamin ƙanin, wani tsoho mai tabarau, ya sa aka kira ni shan shayi. Labarin saniya ya riga ni isa. Ta bakin abokina ya tambaye ni yadda ƙasarmu take. Na ce shimfiɗe take, babu dutse ko ɗaya. Ya tambaya to a ina ido ke tsayawa. Na ce ba ya tsayawa, sai inda sama ta haɗu da ƙasa. Sai ya ce, "Ba kwa jin tsoro?" Na ce ni tun da na zo nan nake jin kamar duwatsun za su faɗo mini. Ya yi dariya har da tari. Da azahar ta yi, shi da kansa ya lura ina duba rana, ya sa aka kai ni kan soro aka ba ni wuri.

Da na sauko ban ga su Ama ba. Na bi wani lungu bayan ɗakin girki, inda ake tara itace, sai na ji ana buga wani abu. Abokina ne zaune a kan kututture da murfin tukunya da cokali. Ama tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa. A gabanta ƙanin ne, babu fuskar katako, babu rigar rawa, jan mayafinsa kawai ya ɗaure a ƙugu. Yana ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya juya, ya sauke, ya buɗe hannuwa, ya sake juyawa. Kunya ta kama shi, kunnuwansa sun yi ja, amma bai tsallake ko taku ɗaya ba, daga farko har ƙarshe. Tsohuwar tana kallo hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Na tsaya a bakin lungun ban ƙarasa ba.

Ranar da za mu tafi ta rataya mini farin ƙyalle a wuya, yadda suke yi wa wanda suke girmamawa. Ta riƙe hannuna biyu ta yi magana mai ɗan tsawo. Abokina ya fassara: "Ta ce ka gaya wa mahaifiyarka ɗanta ba ya cin abinci sosai, amma an koya masa aiki."

Da na dawo Diffa na zauna a tsakar gida na ba mahaifiyata labari tun daga farko, da ramin, da ƙanƙara, da mutum-mutumin zinariya. Tana ta tsinke tattasai ba ta ɗago ba. Sai da na zo kan saniya ta ajiye tire. Ta tambayi yadda kan ya kwanta, da wace igiya na ja, da ko an ba uwar ruwan ɗumi da gishiri bayan ta haihu. Da na isar mata da saƙon Ama ta ce maganar abincin gaskiya ce. Sannan ta tambaya mace aka samu ko namiji. Na ce mace. Ta ce to madalla, gidan ya tsaya.

Yau shekaru sun ja. Na je wasu ƙasashen bayan wannan, na kwana a manyan otal, amma babu inda aka karɓe ni kamar gidan tsohuwar da ba mu taɓa yin hira ba. Ba ta san komai game da addinina ba, ba ta kuma nemi in san nata ba. Ta dai tambaya me zai sa in ji daɗin zama, ta yi shi. Na tafi ina fargabar abin da tafiyar za ta rage mini, na dawo da sallata cikakkiya, da kuma ɗan jin kunya, don na gane ni ban taɓa yi wa baƙo irin wannan tambayar ba. Tun daga lokacin nake ƙoƙari, wani lokaci in dace, wani lokaci in manta.

Ama ta rasu shekaru kaɗan bayan zuwana. Ni da abokina muna gaisawa har yanzu, yawanci a kan cutar dabbobi. Ya taɓa turo mini bidiyon bikin na wata shekara, don in ga abin da ya wuce ni: kakaki dogaye, ganguna, riguna masu walƙiya, taro maƙil. Ya ce ƙaninsa ne na uku daga hagu. Na kalla har ƙarshe, kuma abin kallo ne ƙwarai. Amma ban gane shi ba a cikin fuskar katakon. In na tuna rawarsa, a bayan ɗakin girki nake ganinsa, kunnuwansa jajir, yayansa yana buga murfin tukunya.